Me ya sa matan da ke ɗinki a zanen MacBryde ba su yi kama da mutane ba?

Tambaya: Malam, ina karatun zane-zane a kwalejin ilimi, an ba mu aikin rubutu a kan zanen Turawa mai nuna aikin gida. A intanet na ci karo da wani zanen fentin mai na Robert MacBryde, mutumin Sikotlan, na mata biyu suna ɗinki. Gaskiya bai burge ni ba. Fuskokin kamar an sare su da gizago, hannuwa manya-manya, komai a baje babu zurfi. Shin mutumin bai iya zane ba ne? Kuma me ke cikin ɗinki da har za a ɓata fenti a kansa, a kai shi gidan adana zane a rataye?

Amsa: Ƙanwata, kin yi kyakkyawan kallo, domin abubuwa ukun da kika lissafa, fuska da hannu da rashin zurfi, su ne ginshiƙan zanen. Sai dai hukuncin da kika yanke a kansu ne zan ɗan ja da ke.

Mu fara kawar da maganar iyawa. MacBryde ya iya zane, iyawa ta gaske. An haife shi a 1913 a garin Maybole da ke yankin Ayrshire, ya yi karatu a Makarantar Zane ta Glasgow, inda a wancan zamani ɗalibi kan shafe shekaru yana zana jikin mutum daga ido, ƙashi da tsoka da gaɓa, kafin a yarda ya yi wani abu nasa na kansa. A can ya haɗu da Robert Colquhoun, ɗan Kilmarnock, a 1933. Tun daga nan ba su rabu ba, gidansu ɗaya, aljihunsu ɗaya, har mutuwa ta raba su, shi ya sa ake ce musu Robert biyu. Sun kuma zauna a makarantar zane ta Hospitalfield, kusa da garin Arbroath, a hannun James Cowie, malamin da ya yi suna wajen tsanani a kan tsabtar layi. Da Colquhoun ya ci tallafin yawon ƙaro ilimi, sai aka samo wa MacBryde kuɗi shi ma ya bi shi, suka zaga Faransa da Italiya a 1938 da 1939 suna kallon aikin magabata ido da ido. Wanda ya bi ta wannan hanya, in ya ga dama zai zana miki fuskar mace har ki rantse hoto ne. Da gangan ya ƙi.

Zanen da kika gani sunansa da Turanci Two Women Sewing, wato mata biyu suna ɗinki. An yi shi wajen 1948, yana kuma cikin kayan gidajen adana zane na ƙasar Sikotlan da ke Edinbura. Wannan shekara tana da muhimmanci, bari in gaya miki dalili.

Daga 1 ga Yunin 1941 har zuwa Maris na 1949, a Birtaniya ba a sayen sutura sai da takardar rabo. Da farko kowane baligi yana samun maki 66 a shekara, daga baya aka yi ta ragewa. Riga tana da makinta, wando da nasa, takalmi da nasa, kuma in makinki ya ƙare, ko kina da kuɗi a hannu sai ki haƙura. Gwamnati da kanta ta yi ta yekuwa tana koya wa mata yadda za su yi faci, su juya kwalar riga, su warware tsohuwar rigar sanyi su sake saƙa zaren, su yanke kwat ɗin miji su fitar da na yaro. To lokacin da MacBryde ya zauna yana wannan zane, Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare da shekara uku, amma allura ba ta huta ba a kowane gida. Duk wanda ya tsaya gaban zanen a wancan lokaci ya san cewa ɗinkin da yake gani na rufin asiri ne, domin shi ma rigar da ke jikinsa wataƙila an yi mata faci a gwiwar hannu.

Sannan ki dubi inda mutumin ya fito. Maybole garin masu yin takalma ne, shi kansa ya yi kimanin shekara biyar yana aiki a masana'antar takalma bayan ya bar makaranta, kafin ya samu shiga makarantar zane. Yammacin Sikotlan gaba ɗaya ƙasar zare da allura ce. A ƙarni na 19 dubban matan ƙauyukan Ayrshire suna zaune a gida suna yin farin surfani a kan farin yadi mai shara-shara, dillalan Glasgow suna kawo musu aiki suna biyansu kuɗi kaɗan, har injin surfani ya zo ya kashe sana'ar. A Paisley ake murza zaren kamfanonin Coats da Clark da ya zaga duniya. A Clydebank kuma, gab da Glasgow, kamfanin Singer ya gina babbar masana'antar keken ɗinki da ta yi aiki daga shekarun 1880 har aka rufe ta a 1980. In kin shiga shagon wani dattijon tela mai tsohon baƙin keken Singer, ki roƙe shi ki duba lambar samfurin. Idan akwai harafin K a jiki, kamar 15K, to daga Kilbowie ta Clydebank ya fito, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba daga makarantar da MacBryde ya yi karatu. Na kawo miki wannan ne don ki san cewa ɗinki a wurin mutumin nan abin da ya buɗe ido ya gani ne.

Yanzu tambayarki ta biyu, me ke cikin ɗinki. Masu zanen Turai sun daɗe da gano cewa mutum mai aiki ya fi mutum mai zaman jiran a zana shi gaskiya. Wanda ya zauna don a zana shi yana gyara fuska, yana ɗaga haɓa, yana tunanin yadda zai fito. Wadda ke zura zare a allura ta manta da kanta, jikinta ya koma yadda aikin ya tilasta masa. Wannan mantuwar ita masu zane ke farauta.

Ki nemi zanen Vermeer, mutumin Holan, na yarinya mai saƙar leshi, wanda ya yi wajen 1670, yana gidan Louvre a Faris. Ɗan ƙarami ne ƙwarai, tsawonsa kimanin santimita 24, bai kai takardar jarrabawa ba. Yarinyar tana sanye da riga rawaya, ta sunkuyar da kai, idanunta ba a ganinsu sai fatar ido. A gefenta akwai matashin ɗinki shuɗi, zaruruwa ja da fari suna zubowa daga cikinsa, kuma Vermeer ya zana su a narke, kamar fentin ya ɗiga ne kawai. Amma ki kai idonki tsakanin yatsunta: siraran zare guda biyu a miƙe, tsaf, kamar an ja su da reza. Abu mafi kaifi a duk zanen shi ne wurin da idon yarinyar yake kallo. Ya tilasta miki ki kalli abin da take kallo. Ki riƙe wannan dabara, za mu dawo kanta.

Bayansa akwai Chardin na Faransa, wanda zanensa na 1738 na baranya tana goge tukunya a kan ganga yana cikin garin Glasgow ɗin, a gidan Hunterian. A Sikotlan kanta David Wilkie ya yi suna da zanen rayuwar talakawa a cikin ɗakunansu, sannan James Guthrie a 1883 ya zana 'yar wani ma'aikacin gona tsaye cikin fadamar kabeji, wuƙa a hannu ɗaya, kabejin da ta yanko a ɗaya hannun, tana kallon mai kallo ba tare da ko murmushi ba. Sai Degas na Faransa da zane-zanensa na mata masu guga. A ɗaya daga cikinsu, wanda ke gidan Orsay a Faris, na tsakiyar shekarun 1880, mace ɗaya ta wage baki tana hamma, hannunta a kan kwalba, ɗayar kuma ta ɗora hannu biyu a kan dutsen guga ta danna da dukkan nauyin kafaɗunta, fuskarta ta ɓace cikin sunkuyo. Ya yi shi a kan yadi mai kaushi da bai shafe da farin fenti ba, har saƙar yadin tana leƙowa ta cikin launi. Picasso ma a 1904 ya zana mai guga, ramammiya, kafaɗarta ɗaya ta cuno sama kamar tsauni, duk cikin toka-toka da shuɗi. Kin ga tun daga nan an fara karya surar jiki don a nuna nauyin aiki. Kafaɗar mutum ba ta kaiwa can, amma gajiyar mai guga tana kaiwa.

MacBryde magajin wannan layi ne, sai dai ya zo bayan wata babbar girgiza da ake kira Kiyubizim, wadda Picasso da Georges Braque suka tayar a Faris tsakanin 1907 da 1914. Kafin su, kusan shekara ɗari biyar Turawa suna bin ƙa'idar nesa da kusa: mai zane ya tsaya wuri ɗaya, ya rufe ido ɗaya, abin da ke nesa ya ƙanƙance, layuka su haɗu a can ƙarshe, zane ya zama kamar taga. Su biyun suka ce ai ba haka mutum yake gani ba. Idan kina tsaye a bakin tebur, kina ganin gefensa, ki sunkuya ki ga samansa, ki matsa ki ga abin da ke bayan kwano, kuma duk wannan gani ɗaya ne a ƙwaƙwalwarki. Sai suka fara tara waɗannan ganin a fili ɗaya. Shi ya sa a zanen masu bin wannan hanya za ki ga saman tebur ya miƙe tsaye yana fuskantarki, kayan kai kamar za su zubo, fuska kuma rabi daga gaba rabi daga gefe. Rashin zurfin da kika lura da shi daga nan ya samo asali. Kuma ga zanen aikin hannu yana da amfani na musamman: in aka bi tsohuwar ƙa'ida, abin da ke kan cinya ko kan tebur sai ya kwanta ya siririce, ba a ganinsa sosai. In aka tayar da shi tsaye, aikin ya zo daidai da fuskar mai yinsa, ko ma ya fi ta fitowa.

Fuskokin da kika ce kamar an sare su da gizago, ba ki yi nisa da gaskiya ba. A 1907 Picasso ya shiga gidan tarihin Trocadéro a Faris ya ga fuskokin itace da masassaƙan yammaci da tsakiyar Afirka suka sassaƙa, waɗanda 'yan mulkin mallaka suka kwaso. Ya ga yadda masassaƙi ke mayar da hanci dogon tsini, ido ya zama tsaga, kunci ya zama fili, amma fuskar ta fi hoto kwarjini. Daga nan wannan salo ya shiga zanen Turai. Saboda haka sarar gizagon da kika gani a fuskar matan Sikotlan, asalinta hannun masassaƙan nahiyarmu ne, ta bi ta Faris ta isa Landan. Yana da kyau ki rubuta wannan a aikinki, domin littattafai da yawa suna wucewa ta kansa da sauri, sunayen masassaƙan kuwa waɗanda suka kwaso kayan ba su damu su rubuta ba.

Yadda salon ya iso hannun Robert biyu yana da labarinsa. Da yaƙi ya ɓarke, an ɗauki Colquhoun soja a sashen kula da lafiya, ya yi tuƙin motar ɗaukar majinyata, aka sallame shi a 1941 saboda rashin lafiya. MacBryde ba a ɗauke shi ba saboda tarin fuka. Suka koma Landan a 1941, suka samu ɗakin zane a lamba 77 Bedford Gardens. Da farko filaye da duwatsu da itatuwa suke zanawa, irin na sauran matasan Ingila na lokacin. Sai a 1943 wani mai zane Bayahude ɗan Folan, Jankel Adler, ya tare a gini ɗaya da su. Adler ya girme su da kusan shekara ashirin, ya zauna a Jamus har 'yan Nazi suka kore shi suka sa aikinsa cikin abin da suka kira lalataccen zane, ya san shahararren mai zane Paul Klee, ya san Picasso, ya shiga rundunar Folan, ya biyo ta Sikotlan ya zauna a Glasgow. 'Yan uwansa tara na ciki ɗaya babu wanda ya tsira daga kisan ƙare dangin da aka yi wa Yahudawa. Mutum ne da ke zana mutanen garinsu daga tunani, domin garin da mutanen duk babu su. Shi ya karkato da samarin nan daga zanen daji zuwa zanen mutum, ya nuna musu cewa su ma suna da mutanensu a ka: tsofaffin matan Ayrshire masu mayafi, masu saƙa, mabarata, masu kiwon kaji. Daga nan Colquhoun ya shiga zana mata bibbiyu, tsaye ko zaune, kusa da juna amma kowace da tunaninta. A 1945 hukumar masu zanen yaƙi ta ba shi aiki ya zana mata masu saƙa yadin kakin soja. A Disambar 1945 kuma aka baje sababbin zanen Picasso da na Matisse a Landan, jaridu suka yi ta cece-kuce, a 1946 aka baje na Braque a gidan Tate. MacBryde ya fi karkata ga Braque: tebur, 'ya'yan itace, kifi, yadi mai zane-zane, launi mai haske fiye da na abokinsa. Mafi yawan aikinsa ma kayan kan tebur ne, zanen mutane kaɗan ne a ciki, wanda kika gani yana cikin kaɗan ɗin.

To mu zo kan hannu, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar. Ki tuna lokacin da kika zauna kusa da mai ɗinkin hula a tsakar gida. Bayan kin tashi, me ya zauna miki a rai? Da wuya ki iya faɗin yadda girarta take, domin kanta a sunkuye yake tun da kika zo. Abin da kika kalla shi ne babban yatsa yana danne yadi, allura tana nitsewa tana ɓullowa, hannu yana janye zare har ƙarshen tsawonsa, haƙori yana gutsure shi. A tunaninki hannun ya fi fuskar girma, ko da yake a ma'auni ba haka ba ne. Kyamara tana bin ma'auni. MacBryde ya bi tunani, kamar yadda Adler ya koya masa, sai ya ba kowace gaɓa fili gwargwadon aikin da take yi. Abin da Vermeer ya yi da kaifin zare biyu, shi MacBryde ya yi da girman hannu. Hanyar ta bambanta, amma duka biyun suna jan idonki zuwa inda aikin yake.

Fuskar kuma an rufe ta ne don kada ta saci kallo. Idon ɗan Adam mayen fuska ne. Ki sa kyakkyawar fuska a zane, ko mai hawaye, ko mai murmushi, babu wanda zai ƙara kallon wani abu, sai a shiga tambaya: wace ce, matar wa ce, me ya same ta. Da ya mayar da fuskar fili da kusurwa, sai ya hana ki wannan tambaya, ya bar ki da zama da sunkuyo da hannu. Akwai kuma wani abu da nake girmamawa a wannan zaɓi. Yawancin zanen matan aiki da aka yi a ƙarni na 19 don bangon masu kuɗi aka yi su, sai a zana mai ɗinki kyakkyawa, fara sol, tana ɗaga ido sama abin tausayi, mai gida ya kalla ya ji daɗin tausayinsa. Matan MacBryde ba su neman tausayin kowa, ba su kuma yi wa kowa kwalliya ba.

Ina ganin hakan yana da nasaba da yadda shi kansa ya rayu. Waɗanda suka san Robert biyu sun rubuta cewa MacBryde ne mai riƙe da gida: shi ke girki, shi ke kula da tufafi, shi ke fita neman masu sayen zanen abokinsa, har yakan fifita aikin Colquhoun a kan nasa. Bayan wannan zane da 'yan shekaru, daga 1950 zuwa 1954, sun zauna a Tilty Mill a yankin Essex, a gidan marubuciya Elizabeth Smart, suna kula da 'ya'yanta huɗu yayin da take aiki a Landan. Namijin da ya san zafin murhu da nauyin wanki, in ya zo zana mace tana aiki, ya san inda baya ke ciwo. Degas, duk da gwanintarsa, ɗan masu banki ne da ke leƙa shagon wanki daga bakin ƙofa.

Kada ki manta da fentin kansa, domin a waya ba a ganinsa. Fentin mai garin launi ne da aka kwaɓa da man 'ya'yan wata shuka da ake kira linsid. Ba ya bushewa kamar fentin ruwa, iska ce ke daskarar da shi a hankali, kwanaki kafin a iya taɓawa, watanni kafin ya ƙeƙashe har ciki in an yi shi da kauri. Wannan jinkiri shi ne dukiyar mai zane. Yana iya shafa launi yau, gobe ya kankare da wuƙar fenti, ragowar ta maƙale a ramukan yadi, ya ɗora wani launi a kai, na ƙasa yana leƙowa. Yana iya juya buroshi ya karce layi da gindinsa cikin ɗanyen fenti. Adler har yashi yakan zuba a fentinsa don ya yi kaushi, kuma Robert biyu sun ɗauki son fuskar zane mai kaushi daga wurinsa. Saboda haka filin da kika gani a allon waya kamar launi ɗaya shafe, a gaban ido yana da tudu da kwari, wani wuri mai sheƙi, wani a dushe. Sannan ki lura da yadda masu wannan salo ke gina zane: yanki-yanki na launi, kowane da iyakarsa, an haɗa su da layi mai duhu. Wanda ya yi shekaru yana ganin ana yanka fata bisa ma'auni ana haɗawa a fitar da takalmi, wannan gini ba baƙo ba ne a hannunsa.

Duk da haka ba zan ce ƙorafinki banza ba ne. Akwai hasara a wannan hanya, kuma ya kamata ki faɗe ta. In aka shafe fuska, an shafe mutum ɗaya tilo da babu irinsa, an bar jinsi. Matan sun zama duk wata mai ɗinki, wanda ke nufin ba su zama kowa ba. Ki gwada su da aikin Joan Eardley, wadda ita ma ta yi Makarantar Zane ta Glasgow, ta kafa ɗakin zanenta a unguwar talakawa ta Townhead, ta rasu a 1963 tana da shekara 42. Yaran unguwa ta yi ta zanawa, babbar ya tana riƙe da ƙani, rigunan gado da suka yi musu yawa, kuma ta san su ɗaya-ɗaya, suna shigowa ɗakinta suna fita. Ita ma ba ta bin ma'aunin kyamara, amma kowane yaro nata shi ne shi. A wurina Eardley ta fi MacBryde zurfi a wannan fanni. Haka kuma aron da ya yi daga Braque da Picasso a fili yake, wani lokaci ma ado yakan rinjayi ma'ana a aikinsa, yadi mai zane ya yi kyau har ya mantar da mai kallo wanda ke sanye da shi. Mai zane ne nagari mai murya tasa, bai kai waɗanda ya koya daga gare su ba. Kina da damar ki ce zanen bai burge ki ba, matuƙar kin nuna kin gane abin da ya nufa kafin ki ce bai kai ba.

Lokacin da ya yi wannan zane suna kan ganiyarsu. Gidan sayar da zane na Lefevre a Landan yana baje aikinsu, kuma a 1948 Alfred Barr na gidan zanen zamani da ke New York ya sayi aikin kowannensu, a shekarar da ya sayi na shahararren mai zane Francis Bacon. Daga nan abubuwa suka juya. An riga an tashe su daga Bedford Gardens a 1947, Adler ya rasu a 1949, haka ma Duncan Macdonald, mutumin Lefevre da ke tsaya musu. Giya ta ci ƙarfinsu, talauci ya biyo baya. A tsakiyar shekarun 1950 wasu matasan Ingila, John Bratby da Jack Smith da Edward Middleditch da Derrick Greaves, suka fito da zanen madafa da wurin wanke-wanke da uwa tana yi wa jariri wanka, har aka tura su wakiltar Birtaniya a bikin zane na Venice a 1956, amma nasu salon na zahiri ne, ba su bi ta Kiyubizim ba. Su ma ba su daɗe ba, domin guguwar zanen Amurka marar sura ta taso. A 1958 gidan Whitechapel ya yi babban bajekolin aikin Colquhoun, a ƙarshen shekarar kuma gidan ya baje na Jackson Pollock, Ba'amurke mai zane marar sura, hankalin matasa ya koma can. Colquhoun ya rasu a Landan a Satumbar 1962 yana da shekara 47, yana tsakiyar shirya wani bajekoli. MacBryde ya koma Ailan, mota ta buge shi a Dublin a Mayun 1966. An yi shekaru ba a cika ambatonsu ba, sai a ƙarshen 2014 gidan zanen zamani na Edinbura ya tara aikinsu wuri ɗaya ya baje, abin takaici ne a ce sai da aka jira kusan shekara hamsin.

Ga abin da nake so ki yi kafin ki fara rubutu. Ki buɗe zanen a kwamfuta mai babban allo, daga shafin gidajen adana zane na Sikotlan, kada ki dogara da kwafin da ke yawo, domin launinsa yakan canza. Ki sa takarda ki rufe fuskokin, ki ga ko zanen ya rasa wani abu. Sannan ki buɗe su ki rufe hannuwan, ki gwada bambancin. Bayan haka ki ɗauki fensir ki zauna kusa da wata mai ɗinki a gidanku, da izininta, ki kalle ta minti goma ba tare da kin zana komai ba, ki shiga ɗaki ki zana ta daga ka. Ki auna hannun da kika zana da fuskar da kika zana, ki rubuta abin da kika samu a cikin aikin naki, kusa da zanen Vermeer da na Degas. Wajen rubuta shekarar zanen kuma ki sa "wajen 1948", kamar yadda gidan da ke ajiye da shi yake rubutawa, sannan ki kula kada ki haɗa aikin MacBryde da na Colquhoun, domin a intanet ana yawan ɗora sunan ɗaya a kan zanen ɗaya.